Yadda Ake Leƙa Sararin Mushtari da Hasken Infared

Idon ɗan Adam iyakarsa ja. Da tsawon zangon haske ya wuce nanomita 700 ko kusa da haka (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ido ya sallama, amma kyamarar dijital tana gani har wajen 1,000. A wannan ɗan tsakanin na hasken da ake kira infared ne mai madubin hangen nesa zai iya gane wane gajimare ne a sama, wane ne a ƙasa, a duniyar Mushtari, wato Jufita.

Sirrin yana wajen iskar metan. Ba ta kai kashi 1 cikin 100 na iskar Mushtari ba, amma tana shanye hasken rana sosai a nanomita 889. Hasken da ya nutsa can ciki ba ya dawowa. Wanda ya ci karo da gajimare mai bisa kuwa, yana juyowa tun metan ba ta cinye shi ba. Ke nan a hoton, fari na nufin sama, duhu na nufin zurfi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya hana idonsa barci.

Da farko ka tanadi madubin da faɗinsa ya kai santimita 20 ko fiye, mai injin da ke bin tafiyar taurari, da kyamarar ɗaukar duniyoyi, da matatar haske ta nanomita 889, wato matatar metan. In akwai gilashin tare infared a bakin kyamarar, kwance shi. Idan ka manta, baƙi ƙirin kawai za ka gani, ka yi ta zargin kayan da ba su da laifi.

Fitar da madubin waje kamar awa guda kafin ka fara, ya saba da sanyin dare, sannan ka jira Mushtari ta hau sama sosai.

Kada ka fara da matatar metan. Sa wadda ke barin duk hasken da ya wuce nanomita 685 ya shiga, ka kawo duniyar tsakiyar allo. Daga nan ka canja. Hoton zai dushe nan take, kada gabanka ya faɗi. Ƙara tsawon ɗauka da ƙarfin kyamarar a manhaja irin FireCapture, in ta kama ka haɗa ɗigon hoto huɗu-huɗu su zama ɗaya. Wajen saita gani, rabu da fuskar duniyar, ka nemi ɗaya daga manyan watanninta huɗu, Io ko Ganimid misali. Su metan ba ta rufe su ba, don haka suna nan tar. Juya marikin saita gani a hankali har watan ya tsuke ya zama ɗigo.

Ɗauki bidiyo na minti biyu zuwa uku. Mushtari tana kammala juyi cikin ƙasa da awa 10, in ka daɗe zanen zai goge. Manhajar AutoStakkert za ta tsince maka hotuna masu kyau ta ɗora su kan juna, manhajar WinJUPOS kuma ta gyara juyin in za ka haɗa bidiyo da yawa. Kada ka cika kaifafa hoton, gara ya fito da laushi da ka ƙirƙiro gajimaren da babu shi.

Yanzu duba abin da ka samu. Babban Jan Tabo, wato ƙatuwar guguwar da ke fuskar Mushtari, zai fito fari fat, domin ya ɗara gajimaren da ke kewaye da shi tsawo. Dorayen arewa da kudu, wato can ƙurewar duniyar ta arewa da ta kudu, za su sa farar hula ta hazo. Rubuta ranar da lokacin da agogon UTC, wato agogon GMT, ka adana asalin bidiyon. A watan Yulin 2009, Anthony Wesley, mai kallon sama don sha'awa a Ostareliya, ya hango wani baƙin tabo kusa da doron kudu. Da madubin infared na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da ke kan dutsen Mauna Keya a Hawai ya duba, sai wurin ya haska, alamar tarkace ne da ya tashi sama bayan wani abu ya faɗa wa duniyar. In ka ga farin ɗigon da ba ya nan jiya, sake ɗauka, ka duba ko wata ne ke gittawa, sannan ka kai rahoto.