Yadda ake canza kusar taya da ɗaure notin shaf a tsohuwar ƙaramar mota

Yawancin kusoshin taya da ke karyewa a ƙananan motocinmu, a wurin faci aka fara kashe su. Yaro ya zura dogon bututu a jikin wil sifana, ya hau da ƙafa biyu yana dannawa har sai noti ya yi kuka. Ƙarfen ya miƙe, zarensa ya rame, wata rana kana kan hanya da lodi ya ɓalle. Starlet, Micra, tsohuwar Corolla da Civic duk kusa huɗu gare su a kowace ƙafa, don haka idan ɗaya ta tafi, ukun da suka rage ne ke ɗaukar wahalarta, su ma ba sa jimawa.

Ka fara da sayen wadda ta dace. Toyota da Honda zarensu M12 x 1.5 ne, Nissan kuwa M12 x 1.25. A ido kamar ɗaya suke, amma notin wannan cinye zaren wancan yake yi. Kaurin gindin mai haƙora ma ya bambanta ko da zare ya zo ɗaya. Saboda haka ka ɗauki karyayyar a aljihu zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka, a gwada a gabanka. Mai Golf ko Vectra, wannan sashe bai shafe shi ba, su notinsu da kusarsu a haɗe suke, cikin hob, wato ƙarfen tsakiya da ake ɗaura taya a jikinsa, suke ɗauruwa.

Ka ajiye motar a wuri mai ƙarfi da ba gangara, ka kare sauran tayoyin da dutse. Sassauta notoci tun taya na ƙasa, sannan ka ɗaga. Kada ka amince wa jak shi kaɗai. A saka mata matokari na ƙarfe ko kututture mai kauri. Cire taya. A gaba za ka kwance kan birki da mariƙinsa, ka rataye shi da waya, kada ka bar shi yana lilo a jikin tiyon mai. Sai faifan birki ya fito. A baya kuma sai ka sauke birkin hannu kafin diram ya yarda ya zame.

Juya hob har karyayyar kusa ta zo daidai inda akwai sarari a bayanta. Idan da sauran zare, ɗaura tsohon noti ya zo daidai da bakinta, ka ba ta guduma biyu ko uku masu kyau. Kada ka tsaya kana ta dukanta kamar maƙeri, domin kowane bugu boris, wanda ƙafar ke juyawa a kansa, shi ke shan sa. In kana da abin matse boljoyin, ya fi guduma. A ƙafar gaban Civic sau da yawa babu sararin fitar kusa sai an zare hob, zare hob kuma yakan lalata boris. Wasu kan goge gefen kan sabuwar kusar don ta shige. Ni ban so, na fi son a canza boris ɗin gaba ɗaya, tunda a mota mai shekara ashirin da ɗoriya dama ya kusa.

Zura sabuwa ta baya. Jera wosha uku ko huɗu a gaba, shafa musu ɗan giris, ka ɗaura noti mai buɗaɗɗen kai, shafaffen gefensa na kallon wosha. Yi ta ɗaurewa a hankali, kusar za ta riƙa shiga. Leƙa baya: sai kanta ya kwanta a jikin hob, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. In ka bar rata, nan za ta ƙarasa zama a kan hanya, noti ya saki. Wannan notin da ka ja da shi, jefar da shi, ka goge giris daga zare. Walda kuma babu ita a wannan aiki. Duba sauran kusoshin ƙafar, domin bututun da ya karya ɗaya ya hau sauran.

Bayan ka mayar da birki da taya, fara kowane noti da yatsa, ka ɗaure a gicciye. A ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, Toyota na son 103, Honda 108, zare a bushe. In babu sifana mai awo, ga lissafi: sifana mai tsawon santimita 30 tana buƙatar nauyin kamar kilo 35 a ƙarshenta. Mutum mai kilo 70 da ya hau bututu mai mita ɗaya ya ba kusar kusan ninki bakwai na abin da aka yi ta dominsa. Taka birki sau da yawa kafin ka motsa, kuma ka sake bin notocin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Notin shaf

Babban notin tsakiyar ƙafar gaba shi ke matse boris ya zauna a haɗe. In ya yi sako-sako, taya za ta yi wasa, ka fara jin gurnani, ka canza boris ya sake mutuwa. Corolla soket 30 take ci, Civic 32. Civic ta 1992 zuwa 2000 ana ɗaure ta Nm 181, sannan a dake leɓen notin cikin tsagin shaf. Irin wannan noti sabo ake sakawa duk lokacin da aka kwance. Corolla ta 1998 zuwa 2002 Nm 216 ce, da hular kulle da fil. Da ƙarfe mai mita ɗaya, kilo 18 da kilo 22 ke nan. Ka sa wani ya taka birki kana ɗaurewa, bayan ka riƙe faifan da noti biyu. Idan ramin fil bai zo daidai ba, hular za ka juya, kada ka sassauta noti. Kuma ko taku biyar ne, kada a tura motar notin nan yana kwance.

Ƙafar bayan Starlet da Golf 2 da 3 kuwa hukuncinta daban, kuma nan ne ƙarfin hannu ya fi yin ɓarna. Boris biyu ne masu siffar mazurari, ba sa son matsi. Wanke su, cika su da sabon giris, ɗaure noti kana juya diram don su zauna, sai ka sassauta, ka sake kawo shi da ƙarfin yatsa. A Golf alamar ita ce wosha ta bayan noti ta iya gusawa idan ka tura ta da bakin sukudireba ba tare da ka yi banƙara ba. Saka sabon fil ka lanƙwasa ƙafafunsa. Guntun ƙusar kafinta ba fil ba ce. Mayar da murfi.

Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, ɗan motsin da da ƙyar hannu ke ji ba laifi. Zaga unguwa kilomita biyu ko uku ba tare da yawan birki ba, ka taɓa tsakiyar ƙafar. In ta yi zafin da hannu ba ya zama, ka matse da yawa, sai a buɗe a sake.