Kurakuran da Muke Yi In Mun Fita Ganin Garuruwan Noma na Hanyar Kano zuwa Zariya

Mutum zai shekara ashirin yana bin hanyar Kano zuwa Zariya, ya ce maka ai ya san Kura, ya san Kadawa da Ciromawa da Kwanar Dangora kamar yunwar cikinsa. In ka matsa masa da tambaya, sai ka tarar abin da ya sani bai wuce inda direba ke rage gudu yara su rugo da tiren gyaɗa da rake ba. Yanzu da wasu daga cikinmu suka fara ware Asabar ko Lahadi su fita da iyali ko abokai don ganin waɗannan garuruwa, na lura kurakuran da ake tafkawa kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu ni ma na yi su.

Na farko shi ne ɗaukar bakin titi a matsayin gari. Abin da ke bakin kwalta tasha ce: mai faci, mai shayi, mai bunburutu, 'yan acaɓa da rumfunan talla. Titin ne ya haife su. Garin kansa yana can ciki, inda masallacin Juma'a da ƙofar gidan hakimi ko dagaci da tsohuwar kasuwa suke. Ɗauki Kura. Wanda ya tsaya a titi zai ga buhunan shinkafa ya ce ya ga Kura. Wanda ya shiga ciki zai ji karar injinan casa ta ko'ina, ya ga hayaƙin tukwanen da ake turara shanshera yana tashi daga gidaje, kuma in ya yi dace da dattijo mai son hira zai ji cewa tun kafin shinkafa garin ya yi suna da rini da bugu, har baƙin rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa ake kira ɗan Kura. Gyaran mai sauƙi ne. Ka sauka daga kwalta, ka ajiye mota inda mai shago ya ce maka ba komai, ka taka da ƙafa ko ka hau babur. Gari biyu da ka shiga cikinsu sun fi bakwai da ka leƙa ta gilashi.

Sai rashin sanin lokaci, wanda shi ya fi sa mutane dawowa suna cewa ba su ga komai ba. Yankin nan ba kamar sauran karkara ba ne da ke hutawa in an gama kaka. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana gangarowa ta babbar magudana ya rarrabu zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, shi ya sa rani a nan lokacin aiki ne tuƙuru. Mai son ganin tumatir ya zo cikin hunturu, daga Janairu zuwa Maris, lokacin da kasuwar Kwanar Gafan ke cika maƙil da kwanduna da manyan motocin da ke lodi zuwa kudu. Wanda ya zo mata tsakiyar damina zai tarar da fili da rumfuna, ya yi ta mamakin abin da ake zuzutawa. Alkama kuwa ana shuka ta ne da shigowar sanyi, a yanke ta wajen Maris zuwa Afrilu, don haka in kore shar kake so ka gani ka zo a Janairu, in girbi ne ka bari zafi ya fara. Shinkafar damina sai kaka. Hatta sa'ar yini tana da tasiri: manomi yana gona tun asuba, kasuwar kayan gwari da safe take ci, tsakar rana gari yakan yi tsit, majalisa kuma sai bayan la'asar. Ɗan birni da ya baro gida ƙarfe goma sha ɗaya bayan ya karya a nitse yakan iso daidai lokacin da babu kowa. Kafin ka fito, ka tambayi wani direban tasha ko mai kayan miyan unguwarku ranar da kasuwar garin da za ka ke ci. Sun fi intanet sani.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi, don yana ɓata wa na baya hanya, shi ne faɗawa gonar mutane ba sallama, waya a sama. Gona ba ta da ƙofa, amma tana da mai ita. Na taɓa ganin wasu samari sun tsaya gefen wata gonar alkama, suka kutsa tsakiyarta suna ɗaukar hoto, suna tattake kunyoyin da ke riƙe ruwa a fangali. Mai gonar yana can gefe da fartanya yana kallonsu. Bai ce uffan ba har suka tafi, sannan ya sunkuya ya shiga gyara abin da suka rusa. Kunyar nan da kake gani kamar tudun ƙasa kawai, in ta fashe ruwan da mutum ya jira kwanaki kafin layinsa ya zo sai ya malale gonar maƙwabci. Abin da ake yi shi ne ka tsaya daga bakin gona ka ɗaga murya: "Salamu alaikum, Baba sannu da aiki." Ka bari ya amsa, ku gaisa sosai, ka tambayi gida da ruwa da yabanya, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka ba tare da kwana-kwana ba: "Daga Kano muke, mun zo ganin gari ne, ko za mu iya shigowa?" Sau da yawa shi zai ja ka ya nuna maka fiye da abin da ka nema, har ya tsinko maka wani abu ya ce ka kai wa yara. Hoto kuma sai ka tambaya. Mutanen nan sun sha ganin baƙi da takarda da biro suna rubuta sunaye ana cewa za a kawo taki ko rance, daga nan shiru, wasu kuma suna zargin baƙo mai auna gona da ido ɗan cinikin fili ne. In za ku daɗe ko kuna da yawa, ku fara biyawa ta wurin mai unguwa ku gaishe shi. Minti goma ne, kuma daga nan duk wanda ya tambaya za a ce masa baƙin mai unguwa ne.

Haka batun shiga gida. Yawancin aikin turara shinkafa mata ne ke yin sa a cikin gidajen aure, kuma namiji baƙo iyakarsa zaure. In akwai mace a tafiyarku, ita za ta yi sallama ta shiga, ta fito ta ba ku labari. Kada ka ce ai kallo kawai za ka yi.

Akwai kuma ɗabi'ar zuwa da wa'azin noma. Mutum ya kalli bidiyo uku a waya, ya tsaya kan wanda ya gaji gonar daga kakansa yana ce masa me ya sa ba ku yin kaza kamar Isra'ila ko Indiya. Za a ce maka "haka ne, ranka ya daɗe," kuma hira ta mutu ke nan. Tambaya ta fi. Ka tambayi mai tumatir labarin Sharon, sunan da manoma suka laƙaba wa tsutsar nan da ta cinye gonaki a 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta fara aiki kuma ta dakata don rashin abin sarrafawa. Ka tambayi mai shinkafa yadda suke fama da tsuntsayen jan-baki in ta fara nuna, da abin da ya sa ake ɗaura gwangwanaye da leda a igiya a kewaye gona. Sai ka gaji da saurare.

Mu zo ciniki, inda kowa ke ganin shi gwani ne. Kuskure biyu ne masu kishiyantar juna. Wani yana ganin tunda ƙauye ne komai banza ne, sai ya yi tayin wulaƙanci, a ce masa "albarka" a juya masa baya. Manomin nan yana da waya, ya san yadda aka sayar da kwando a 'Yankaba da safiyar nan, wataƙila ma ya san na Legas. Wani kuma yana zaune cikin mota, gilashi a rabi, inji na aiki, ya miƙa kuɗin da aka fara faɗa. Shi ma bai kyauta wa kansa ba, don farashin bakin titi na mai sauri ne. Ka fito, ka zaga, ka ji yadda 'yan gari ke saye kafin ka taya. Ka san ma'aunin da ake magana a kai, domin kwano da tiya da mudu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, kwando ma akwai babba akwai ƙarami. In kwando ne, ka ce a juye maka ko a ɗaga na sama ka ga na ƙasa. Ba zargi ba ne, kowa haka yake yi. Shinkafa ka damƙa a hannu ka duba tsakuwa da karyayya, ka shinshina, ka ciza ƙwaya ɗaya ka ji ko ta bushe, don wadda ba ta gama shan rana ba za ta yi maka fumfuna a buhu. A babbar kasuwa irin ta Kwanar Gafan kuma kada ka ce za ka tsallake dillali don gudun la'ada. Tsarin wurin ke nan, kuma shi zai tsaya maka in an sami saɓani. In an sallama, ka nemi gyara da fara'a, za a ƙara maka.

Araha kuma tana sa mutum ya manta girman gidansa. Ni na taɓa sayen babban kwandon tumatir da hantsi a watan Maris, na rufe shi a but, na ce bari mu ƙarasa wajen Maƙarfi mu sayo rake da mazarƙwaila. Muka yi yamma. Da muka iso gida na buɗe but, rabin kwandon ya zama ruwa, yana ɗiga ta ƙasa, motar ta yi mako tana tsami. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ai ka gama mana markaɗen tun a hanya." Kayan gwari a dawowa ake sayensu, a sa su inda iska ke shiga, kada a ɗora komai a kansu. Albasa da shinkafa da rake su ne masu haƙuri. Kuma duk abin da ka saya ko aka ba ka a gona, kada ka goge a riga ka kai baki, don ba ka san yaushe aka yi feshi ba.

Ruwan magudana ma haka. Za ka ga yaran gari suna tsalle ciki, naka su ce su ma sai sun shiga. Hana su. Tsargiya a irin wannan ruwan ake ɗaukarta, ta fata take shiga, kuma babbar magudanar tana da zurfi da ƙarfi fiye da yadda take nunawa, gefenta ga santsi.

Saura titin kansa. Tagwayen hanya ce da tirela da tanka ke gudu a kanta, don haka tsayawa rabin mota a kwalta saboda ka hango mai masara ganganci ne. Ka sauka gaba ɗaya, kuma yara su fita ta ƙofar da ba ta kallon titi. In ka wuce mashiga, ka haƙura ka je mahaɗa ta gaba ka juyo, kada ka bi hannun da ba naka ba don ka ga 'yan acaɓa na yi. Cikin gari kuma ka lura da shanya, domin shinkafa da barkono da ake bazawa a gefen hanya dukiyar wani ce, taya ɗaya ta isa ta jawo maka taron jama'a. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, saboda sabis yakan ɗauke, kuma tsohuwar da ke sayar da kuka da daddawa ba ruwanta da tiransifa. Kada ka raba wa yara kuɗi ta taga. In kana son alheri ka sayi abin da suke talla, ko ka ba babba ya raba. Sannan ka lissafa komawarka tun rana na sama. Ka yi la'asar a garin, ka yi sallama da waɗanda suka karɓe ka, ka karɓi lambar wanda ya zaga da kai don ka kira shi kafin zuwa na gaba ka ji ko tumatir ya fara fitowa, ka kama hanya yadda magariba za ta same ka ka riga ka haye gadar Tamburawa.