Yadda koci ke gyara wasan ƙwallon kwando yana gudana

Gasannin Najeriya da Nijar dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, suke bi: zango 4, kowanne minti 10. Koci yana da hutun shawara 2 kafin hutun rabin lokaci, 3 bayansa, kowanne minti ɗaya, kuma a minti 2 na ƙarshen wasa ba zai ɗauki fiye da 2 ba.

A zangon farko ka zuba ido ka ga ta ina makin abokan hamayya ke shigowa. Idan suna kutsawa ƙarƙashin kwando, bar tsaron kowa-da-nasa ka koma tsaron yanki, biyu a gaba, uku a baya. FIBA ba ta hana mai tsaro zama a ƙarƙashin kwando ba, don haka dogon ɗan wasanka ya kafe a can. Amma wannan tsari yana buɗe kusurwoyi, kuma ba wanda ya san wa zai tare in ƙwallo ta dawo daga kwando. Da zarar sun jefa maki uku sau biyu a jere daga kusurwa, bar tsaron yankin.

Kada ka ƙona hutun shawara don kawai ranka ya ɓaci. Kira shi in sun ci maki 6 zuwa 8 ba ku rama ba, ka faɗi gyara ɗaya tak. Mai haki ba ya riƙe umarni biyar.

Laifi shi ne abin da ke kashe wasa a ɓoye. Na 5 ke fitar da ɗan wasa, saboda haka wanda ya yi 2 a zangon farko ya zauna a benci. In abokan hamayya sun cika laifi 4 a zango, duk wanda suka ƙara wajen tsaro jifa biyu ne kyauta, to a daina harbi daga nesa, a kutsa.

Ajiye hutu ɗaya don minti 2 na ƙarshe. Da shi za ka iya ɗauke jefa-ciki, wato jefo ƙwallo daga wajen fili, zuwa ɓangaren abokan hamayya, sai dai agogon harbi, wato lokacin da kuke da shi ku harba ƙwallo kwando, zai sauko daga daƙiƙa 24 zuwa 14. In kuna gaba kuna son cin lokaci, jefa-ciki daga ɓangarenku ya fi muku.