Yadda nake nuna wa yara abin da ke ɗumama duniya

Ina koyarwa a wata lakwal a unguwar Zango, nan Damagaram. Shekarar farko na zana rana da kibiyoyi a allo, yara suka kwafe tsaf, amma babu wanda ya gane komai. Ga dabarar da na koma yi, malami ko uba na iya gwadawa.

Kada ka fara da sunayen iskokin da ke riƙe zafi a sama. Tambaye su wane dare ya fi sanyi, na hunturu da taurari ke fitowa tar, ko na damina da gajimare ya rufe sama. Za su amsa da ihu. Sai ka ce musu ƙasa na shan zafi da rana, tana kuma mayar da shi sama. In sama ta bushe, zafin ya tsere. In akwai laima da gajimare, su tare shi, su dawo mana da wani kaso.

Daga nan ka zuba yashi a kwano biyu, ka rufe ɗaya da farar leda, ka ɗaure bakinta. Ajiye su a rana da hantsi, gab da azahar kowane yaro ya tsoma yatsa. Wata yarinya ta taɓa fizge hannu tana cewa, "Malam, wannan ai gasa gyaɗa za a yi!" Amma ka faɗa musu gaskiya: leda hana iska mai zafi fita take yi, misali ne kawai. A sama ba leda, iskar kabon da ta metan da tururin ruwa ne ke shanye zafin da ƙasa ke fitarwa.

Sai lissafi, kaɗan ya isa. Ba don waɗannan iskoki ba, da matsakaicin zafin duniya ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, maimakon kusan 15. Iskokin nan bargo ne mai amfani, sai dai yanzu kauri ya yi masa yawa. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420, saboda ƙona fetur, gas da kwal, da sare dazuzzuka. Metan kuwa har daga gyatsar shanu take fita, nan ajin ke ɓarkewa da dariya.

Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, shi ya sa in ruwa ya tashi zuba yakan zo kamar da bakin ƙwarya. Duk sun tuna damanar 2024 da ta rusa tsohon masallacin unguwar Birni, nan Damagaram. Ni dai ba na ce musu ɗumamar yanayi kaɗai ta kayar da shi.

Dole wani ya tambaya ko mu muka jawo. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. In na faɗa musu haka, sai in fita da su gindin gawon da ke bayan aji, in nuna musu itacen da ke zuƙar kabon yana adana shi a jikinsa, irin wanda manoman Matamaye da Magariya ke bari ya tsiro a gonakinsu.