Ga mai son fita koyon noman rani

'Yan uwa matasa, in za ka fita koyon noman tumatir, kada ka jira lokacin tsinka. Ka isa Kadawa ko Kura a jihar Kano tun ana dashe, lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ke bin magudanai. Nemi dattijon manomi ka roƙi ya ɗauke ka aiki, maganar hayar fili ta dakata sai baɗi. Tafi da takalmin roba da gidan sauro, sauron fadama ba ya wasa.

Kullum da sassafe ka riƙa duba ganye. In ka ga fari-fari kamar an yi rami a cikinsa, wataƙila tsutsar nan ce da ta cinye tumatir a 2016, ka gaya wa maigona nan take. Ranar kasuwa kuma bi shi kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ka ga yadda dillalai ke yanka wa kwando kuɗi.