Masu buga Ryu, a kula da wannan

Jama'a duk wanda ya taso daga wasan bidiyon faɗa na Street Fighter V ya shigo Street Fighter 6 da Ryu (ɗaya daga cikin mayaƙan wasan), ka daina taƙama da parry (kakkaɓe bugun abokin faɗa), da can V-Skill ɗin Ryu ne, wato dabararsa ta musamman, amma a 6 ɗin da ya fito a 2023 kowa na da Drive Parry, Hadoken ɗinka (ƙwallon ƙarfin da kake harbawa) ma shanye shi suke yi hankali kwance. Kuma in ka harba a kurkusa za ka sha Drive Impact (bugu mai ƙarfi da ke ratsa harinka) wallahi. Inda Ryu ya ƙaru shi ne Denjin (cajin da ke ƙara wa hare-harensa irin su Hadoken ƙarfi), da can sai gejin V-Trigger (ma'aunin ƙarfi na musamman a V) ya cika, yanzu ka danna ƙasa sau biyu da maɓallin naushi kawai ka yi caji. Sai dai ka bar cajin sai ka kayar da mutum tukuna, sannan ka matsa masa da Hashogeki (bugun tafin hannu na kurkusa).