Yadda na raba koren wakena da darɓa

Koren wake, irin wanda ake sa wa a dafa-duka, ba ya shiri da zafi, shi ya sa na shuka nawa a bayan gida cikin Nuwamba, sanyin hunturu na shigowa. Ya yi kyau har ya kama karan dawan da na kafa masa. Yana fara fure sai ganyen saman ya dunƙule, ya yi danƙo a hannu. Da na juya ganye ɗaya, ga ƙananan ƙwari kore sun yi cincirindo suna tsotson ruwansa, tururuwa na ta zirga-zirga a kansu. Darɓa ce.

Ban so fesa maganin kanti a abin da yara ke tsinka su ci ɗanye ba. Sai na daka busassun 'ya'yan darbejiya, wajen giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, na jiƙa suka kwana. Na tace da tsumma, na narka ɗan sabulu a ciki don ruwan ya kama ganye. Da yamma nake fesawa, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ƙarƙashin ganye nake bi, can suke ɓuya. Duk mako nake maimaitawa.

Rassan da suka lalace na yanke na binne. Na kuma hana a zuba masa takin yuriya: saiwarsa tana samar masa da naitrojin, sinadarin da ke cikin wannan takin, ƙari kuwa ganye mai laushi yake jawowa, abin da darɓa ke so. Sabon tohon ya fito a miƙe, furen ya ƙulla 'ya'ya.